Abin da Hoto Bai Nuna Ba: Nazarin Bibiyar Ginin Wani Sabon Gida

Mai gidan ma'aikaciyar jinya ce. Aiki ya kai ta nesa da inda filinta yake, ba ta samun zuwa sai lokacin hutu. Ta daɗe tana tanadi, ta sa aka zana mata bene mai hawa ɗaya: falo da kicin da ɗaki guda a ƙasa, ɗakuna uku a sama, sai 'yar baranda da ta fito ta gaba, babu ginshiƙi a ƙarƙashinta. Zanen cikakke ne, har da na injiniya wanda ya nuna kaurin kowane rodi da tazarar da za a bari tsakaninsu. Ta ba wani ɗan kwangila aikin gaba ɗaya, kaya da leburanci, ta kuma wakilta ƙaninta ya riƙa leƙawa yana ba ta labari.

Yarjejeniyarsu shafi ɗaya ce. An rubuta jimillar kuɗi da watan da za a miƙa makulli, shi ke nan. Ta ba da kafin alƙalami, daga nan kuma duk lokacin da ɗan kwangila ya ce kuɗi sun ƙare, sai ta dubi hotunan da ƙaninta ya turo ta WhatsApp. Idan ta ga gini ya ƙara tsawo, sai ta tura.

Ƙanin yaro ne mai amana, ba ya fashin zuwa duk ƙarshen mako. Yana tsayawa a bakin hanya, wuri guda kullum, ya ɗauki gidan daga gaba. Duk wanda ya jera hotunan nan zai ji daɗi. Yau rami, gobe bulo ya kai gwiwa, jibi ya kai taga, sai linta, sai ga katakon dekin ya rufe sama. Ɗan kwangila ya ce mata aiki ya ci rabi, ya nemi kaso mafi tsoka a cikin kuɗin domin zuba dekin. Girman kuɗin ne ya sa gabanta ya faɗi, ta nemi wanda zai duba mata kafin ta biya. A nan na shigo cikin lamarin, a matsayin injiniya mai duba gini, ana jajibirin zuba kankare.

Abin da aka tarar a saman katako

Rodin dekin shi ne abu na farko da na auna. Zane ya ce rodi mai milimita 12, tazarar milimita 200. Tazarar daidai take, amma rodin da aka shimfiɗa mai milimita 10 ne. A ido bambancin ba ya fitowa, a hoton bakin hanya kuwa ko rodin ma ba a gani. Sai dai ƙarfin rodi yana bin faɗin bakinsa ne idan an yanka shi, kuma na mai 12 ya kai murabba'in milimita 113, na mai 10 kuwa kusan 79. Ke nan an rage kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfen da zai riƙe benen, alhali a baki milimita biyu kacal aka rage.

Na biyu, rodin yana kwance ne kai tsaye a kan katako. Ƙa'ida ita ce a ɗaga shi da 'yan gutsattsarin kankare, domin idan an zuba, kankare ya shiga ƙarƙashinsa ya lulluɓe shi da kaurin milimita 20 zuwa 25. Wannan lulluɓin shi ke kare ƙarfe daga danshi da iska. In babu shi ƙarfen zai yi tsatsa, tsatsa kuwa tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta fito daga jikinsa, sai ta kumbura ta riƙa ɓamɓare kankaren daga ciki. Ba a shekarar farko ake ganin wannan ba. Sai an zauna cikin gida, an yi fenti, an manta da magina, sannan silin ya fara zubo da ɓawo.

Na uku shi ne ya fi tayar mini da hankali, wato baranda. Dekin da ke zaune kan bango ko ginshiƙi ta gefe biyu, tsakiyarsa ce ke son lotsawa, don haka ƙasansa ne ke miƙewa, a can ake sa babban rodi. Barandar da ta fito ba madogara a ƙarƙashi akasin haka take. Bakinta ne ke son sunkuyawa, don haka samanta ne ke miƙewa, musamman daidai inda ta manne da gida. Kankare yana jure dannewa ƙwarai, amma ba ya jure ja, rodi ne ke ɗaukar masa wannan nauyin. Mai ɗaurin rodi ya shimfiɗa na barandar a ƙasa kamar yadda ya yi wa sauran dekin. Da an zuba a haka, ranar da aka cire katakon da ke tallafe da ita, ko ranar da mutane suka taru a kanta, tana iya karyewa daga gindi ba tare da wani dogon gargaɗi ba. Wannan gida ne da yara za su tsaya a barandarsa.

Sai siminti. Faɗin dekin ya kai murabba'in mita 120, kaurinsa santimita 15, wato kankare kubik mita 18 (kubik mita ɗaya shi ne cikin akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe), ban da na bim, dogayen sandunan kankaren da ke tallafe da dekin. Haɗin da zane ya nema shi ne siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, wanda yake cin buhu shida da ɗoriya mai kilo 50 a kowace kubik mita guda. Lissafi ya ba da sama da buhu 110. Abin da ke jibge a ɗakin ajiya buhu 80 ne, kuma ba a shirin ƙaro wani. Sauran gurbin yashi da ruwa ne za su cike shi.

Na ce kada a zuba gobe. Ɗan kwangila ya riga ya kira leburori, ya yi hayar injin kwaɓa, don haka ransa ya ɓaci, kuma na fahimci dalilinsa. Amma gyaran rodi a wannan matakin aikin 'yan kwanaki ne. Bayan an zuba kuwa, ba gyara sai fasawa.

Waiwaye zuwa abin da aka riga aka binne

Tunda sama haka take, dole a tambayi ƙasa. Na nemi ƙanin ya nuna mini hotunan fandisho. Akwai hoton rami, akwai hoton bulo ya fito saman ƙasa, babu komai a tsakani. Ranar da aka ɗaure rodin gindin ginshiƙai da ranar da aka zuba kankare duk sun faɗo a tsakiyar mako, yana makaranta. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa waɗannan ranakun biyu sun fi duk sauran muhimmanci.

Muka sa aka haƙa ramin gwaji a kusurwa biyu. Zurfin fandisho ya yi, faɗinsa ma ya yi, kuma ya zauna kan ƙasa mai tauri. Wannan ya kwantar da hankali sosai, kuma adalci ne a faɗa cewa ɗan kwangilar bai yi ha'inci a nan ba. Matsalar da muka gani a wani wuri take. Ledar hana danshi da ake shimfiɗawa cikin bango, aƙalla santimita 15 sama da ƙasar waje, an sa ta a gaba da gefe ɗaya, amma bangon baya babu. Ta ƙare ne ana cikin aiki, ba a jira an sayo wata ba. Cikon da aka yi a ƙarƙashin daɓe kuma an juye shi ne gaba ɗaya aka baje, maimakon a zuba shi hawa-hawa, santimita 15 zuwa 20, ana yayyafa ruwa ana dannewa.

Ginshiƙai biyu sun ja hankalina saboda an shafe su da siminti tun lokacin filasta bai zo ba. Da aka kankare shafen, sai ga ramuka kamar saƙar zuma, tsakuwa a fili, rodi yana leƙowa. Hakan na faruwa ne idan ba a girgiza kankare ba lokacin zubawa, ko katakon ya yi yoyo ruwan siminti ya tsiyaye. Muka gwada sauran ginshiƙan da gudumar gwaji, wadda injiniyan Suwizalan Ernst Schmidt ya ƙirƙira a 1948. Tana bugun fuskar kankare ne ta auna yadda ta dawo, don haka kimantawa take bayarwa, ba hukunci ba, amma ta isa ta nuna wane ginshiƙi ne ya fita daban da 'yan'uwansa. Waɗancan biyun ne suka fita daban. Injiniyan da ya yi zanen ya ba da umarnin a tallafe su, a sassaƙe ruɓaɓɓen wurin har a kai ga kankare mai kyau, a ƙara musu rodi da sabuwar riga ta kankare.

Da muka yi waya da mai gidan, ƙanin yana gefe, kansa a ƙasa. Ya ce, "Yaya, wallahi ban taɓa fashi ba." Ta ce ta sani. Ni ma na faɗa mata cewa yaron ya yi duk abin da aka sa shi. An ce gani ya kori ji, amma sai in an ga abin da ya kamata a gani. An tura shi ya ga ko gini yana tashi, gini kuwa yana tashi.

Ɗan kwangilar ma ba ɓarawo ba ne yadda mutane ke saurin yanke hukunci. Ya karɓi aikin a farashi mai rauni don kada ya kuɓuce masa, kaya suka tashi a hannunsa, kuma tsarin biyan ya koya masa abu ɗaya: bulo ne ke kawo kuɗi, domin bulo ne ke fitowa a hoto. Ledar hana danshi, danne ciko, kwanakin shayar da kankare, babu ɗayansu da ke sa a turo masa ko sisi. Wannan bai wanke shi daga rage kaurin rodi ba, domin ya san abin da zane ya ce, kuma rayukan mutane ne a kan benen. Amma wanda ya kore shi ya kawo wani a kan tsari iri ɗaya, da wuya ya ga canji. Shi ya sa na ba da shawarar a bar shi ya ci gaba, a sauya tsarin.

Sabon tsarin bibiya

Aka sake zama aka rubuta sabuwar takarda. Jigonta shi ne wuraren tsayawa, wato matakan da ba za a rufe aiki ba sai an duba an sa hannu: rodin dekin kafin zuba kankare, katakon rufi kafin buga kwano, bututun ruwa da na wuta kafin filasta, magudanar ƙazanta kafin a binne. Kowane biya aka ɗaura shi a kan ɗaya daga cikin waɗannan. Aka kuma amince za a riƙe kashi 5 cikin 100 na kowane biya har sai an yi wata shida da miƙa makulli, abin da aka saba yi a kwangilolin gini domin gyaran abin da zai ɓullo daga baya. An duba tashin farashin kaya aka ƙara masa abin da ya dace, domin ba a neman aiki mai kyau daga mutumin da ke cikin asara.

Aikin ƙanin ya sauya kwata-kwata. Ya daina tsayawa a bakin hanya. Yanzu yana hawa sama da tef ɗin awo, ya ɗora shi a kan rodi ya ɗauki hoto yadda lambobin za su fito. Yana ƙirga buhunan siminti da safe, ya ƙirga fankon buhu da yamma. An ajiye littafi a wurin aiki, ana rubuta abin da ya shigo, abin da aka yi, da duk wani sauyi da aka yi wa zane tare da sunan wanda ya amince. Na koya masa gwajin yashi da kwalba: a zuba yashi, a cika da ruwa, a girgiza, a bari ya kwanta. Laka za ta taru a sama, in ta kusa kashi ɗaya cikin goma na tsawon yashin, a mayar da motar. Mota ɗaya ya mayar da kansa, ba tare da ya kira kowa ba.

Rodin dekin bai buƙaci warwarewa ba. Mai zanen ya yarda a cusa ƙarin rodi mai milimita 10 tsakanin kowane biyu, tazara ta koma milimita 100, wanda ya zarce abin da zanen farko ya nema. Na baranda ne aka kwance aka ɗaure daga sama, aka zura shi can cikin dekin domin ya sami abin riƙewa, aka kuma yi masa kujerun ƙarfe don kada ƙafar leburori ta danne shi ƙasa. Sandunan da ke tallafe da katako, waɗanda aka kafa a kan ciko mai laushi, aka sa musu falanki a gindi.

Ranar zubawa rigimar duk a kan ruwa ta kasance. Leburori suna son kankare mai ruwa-ruwa saboda ya fi sauƙin ɗiba da bajewa, kuma duk wanda ya taɓa ɗaukar kwanon sarki zuwa saman bene ba zai ga laifinsu ba. Amma tun 1918 Ba'amurken nan Duff Abrams ya nuna cewa ƙarfin kankare yana raguwa ne gwargwadon yawan ruwan da aka ba siminti. Ruwan da ya wuce buƙata yana ƙafewa ya bar ƙananan kofofi a ciki. Muka tsayar da bokiti ɗaya a matsayin ma'auni, muka kawo injin girgiza wanda ke sa kankare mai kauri ya kwanta ya cika kowane lungu. Aka cika 'yan akwatunan gwaji masu santimita 15 a kowane gefe, aka kai ɗakin gwaji domin a murƙushe wasu a kwana 7, wasu a kwana 28.

Bayan zubawa sai shayarwa, wadda yawancin masu gini ke ɗauka wasa. Siminti ba bushewa yake yi ya yi tauri ba, haɗuwarsa da ruwa ce ke ƙara masa ƙarfi a hankali. In rana da iska suka zuƙe ruwan da wuri, aikin ya tsaya a rabi. Aka kewaye dekin da ɗan tudun yashi da siminti aka tara ruwa a kai, aka bar shi a jiƙe fiye da mako guda. Kafinta ya so ya kwashe katakonsa bayan kwana biyar saboda wani aikin yana jiransa. Aka bar shi ya cire na gefe, amma sandunan ƙasa suka zauna har mako uku, na baranda kuma har sai da sakamakon kwana 28 ya fito. A kwana 7 kankare na yau da kullum bai wuce kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa ba. Sakamakon duka biyun ya cika abin da zane ya nema.

Lokacin da gini ya yi kamar ya tsaya

Bangon sama da rufi sun tafi lami lafiya, ba wani abin faɗa. Wahalar ta dawo ne bayan an buga kwano, ta wata fuskar. Makonni suka shuɗe gidan bai sauya kama daga waje ba, mai gidan ta fara tambaya ko aiki ya tsaya ne. Ido ya riga ya saba da ganin tsawo yana ƙaruwa. Gaskiyar ita ce gangar jikin gida ce ke tashi da sauri, amma aikin ciki, wato wayarin, famfo, filasta, silin, tayil, ƙofofi da fenti, yana cin lokaci da kuɗi fiye da yadda mai ginin farko ke zato. Maganar "aiki ya ci rabi" da aka yi mata a matakin dekin, tsawon gini aka auna, ba kuɗi ko lokaci ba.

A wannan matakin hotunan ƙanin suka yi amfani na biyu. Ya ɗauki kowane bango, ɗaki bayan ɗaki, bututun wuta da na ruwa suna fili, tef a jikinsu. Duk ranar da za a buga ƙusa ko a nemi inda ruwa ke yoyo, wannan ita ce taswirar. Kafin filasta aka toshe bakin bututun ruwa, aka cika su, aka matsa da famfon gwaji aka zuba wa ma'auni ido. Allurar ta sauka. Aka bi layi aka gano wata mahaɗa a bangon banɗakin sama da ba ta kama ba. Gyaranta bai kai awa guda ba. Da an rufe ta da filasta da tayil, sai an fasa banɗakin, bayan ruwa ya gama lalata silin ɗin falo. Magudanar ƙazanta ma an auna gangarenta kafin a binne, kusan santimita 1 a kowane santimita 40 ga bututu mai milimita 100, aka ɗaga wani sashe da ya kwanta.

An miƙa makulli wata biyu bayan lokacin da takardar farko ta ambata, kuma kuɗin ya haura abin da aka shirya, saboda ƙarin rodi da siminti, gyaran ginshiƙai biyu, da ladan dubawa. Mai gidan ta ɗage sayen wasu kayan ɗaki don ta cike giɓin.

Abubuwa biyu ba su gyaru yadda ake so ba, kuma duka biyun daga lokacin da ba a dubawa suka fito. Daɓen ɗakin ƙasa ya ɗan lotsa a kusurwa ɗaya bayan ruwan sama na farko, saboda cikon da ba a danne ba. An fasa wurin, an sake ciko da daɓe daga cikin kuɗin da aka riƙe, amma ba a iya ba da tabbacin wani wurin ba zai biyo baya ba, sai an ga shekara ta zagayo. Bangon baya kuma, wanda ba shi da ledar hana danshi, an yi masa daɓe mai gangare a gindi don ruwa ya riƙa nisa da shi, an shafe ƙasansa da filasta mai maganin hana ruwa. Wannan yana rage danshin ne, ba ya tsayar da shi daga tushe. An rubuta wa mai gidan cewa ta riƙa duba gindin bangon nan daga ciki bayan kowace damina, in ta ga fenti yana kumbura ko farin gishiri yana fitowa, to lokaci ya yi da za a huda bangon a ɗura masa maganin hana danshi layi guda daga wannan kusurwa zuwa waccan.